Fale-falen roba da garin taya: me ke sa su kantare a rana, su kuma yi gautsi bayan shekara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da injin niƙa da injin narkarwa da mazubi a Marwa. Ina haɗa fasassun jarkoki da bokitai da kujeru da garin tsohuwar taya, ina buga fale-falen shimfiɗa tsakar gida masu kaurin santimita 2. A miƙe suke fitowa, amma in sun yi kwana biyu zuwa mako a rana sai su kantare kamar faranti. Waɗanda suka shekara kuma bayansu ya yi fari, suna karyewa kamar tsingaro. Wani lokaci injin kan yi hayaƙi mai yaji. An ce in ƙara garin taya don su jure zafi. Gaskiya ne? Ina kuma son in fara buga kwamin shayar da dabbobi.

Amsa: Wa alaikumus salam, malam. Kada ka ƙara garin tayar nan da niyyar jure zafi, domin ba aikinsa ba ne. Abin da yake saya maka shi ne juriya ga duka da faɗuwa. Ƙarfin tsayuwa a cikin zafi kuwa rage shi yake yi. Matsalolin da ka lissafa guda uku ne, kuma kowace da tushenta: kantarewa daga wajen sanyayawa take, gautsi daga iska da rana yake, hayaƙin kuma daga abin da ke shiga injin ne da daɗewar da yake yi a ciki.

Harshenmu ma ya taimaka wajen ruɗanin, tunda da bokiti da taya duk roba muke ce musu. A wajen aiki kuwa jinsi biyu ne da ba sa ga maciji. Robar bokiti da jarka, wato filastik, dogayen zaruruwa ce da ba a ɗaure su da juna ba, shi ya sa in ta ji wuta take narkewa, in ta huce ta daskare, a sake narkar da ita. Robar taya an dafa ta da farar wuta, farar wutar ta ƙulle zaruruwan da juna kamar ragar kamun kifi. Wannan dabara ce Charles Goodyear ya yi wa rajista a Amurka a 1844. Abin da aka ƙulle haka ba ya narkewa har abada, sai dai ya ƙone. Saboda haka garin taya a cikin injinka baƙo ne: yadda ya shiga tsaki-tsaki haka zai fito, narkakken filastik ya lulluɓe shi kawai, kamar tsakuwa a cikin siminti, sai dai ita wannan tsakuwar laushi gare ta.

To me ke riƙe da fale a miƙe? Idan narkakken filastik ya fara hucewa, wani sashe na zaruruwan yakan naɗe kansa, layi bisa layi, a matse, kamar yadda ake ninke turmin atamfa. Wannan sashe mai jeri shi ake kira kiristal. Sauran zaruruwan da ba su sami damar jeruwa ba sai su zauna a hargitse a tsakani. Duk wanda ya taɓa barin narkakken man shanu ya huce a hankali ya ga irin wannan, yakan yi yashi-yashi, alhali wanda aka sanyaya da sauri sumul yake daskarewa. A zafin garinmu, sashen da ke hargitse a cikin jarka ko bokiti laushi gare shi kamar danƙo. Kiristal ɗin shi ne ƙashi. A robar jarka, mai lamba 2 a gindi, wadda ake kira HDPE, yakan kai kashi 60 zuwa 80 cikin ɗari, kuma yana narkewa a wajen digiri 130 zuwa 135 a ma'aunin Salshiyas. A robar kujera da buhun saƙa da yawancin bokitai, mai lamba 5, wato PP, kashi 40 zuwa 60 ne, yana narkewa a 160 zuwa 165. Leda mai lamba 4, LDPE, ita ce mai rauni, tana narkewa tun daga 105 zuwa 115.

Kada waɗannan lambobi su ruɗe ka. Tun kafin a kai ga narkewa, kaya yakan fara lotsawa in an ɗora masa nauyi. Leda takan fara sakin jiki tun wajen digiri 50, robar jarka wajen 70 zuwa 80, robar kujera kusa da 100. A watan Afrilu a Marwa ko Garwa ko Njamena, iska a inuwa takan haura 40, baƙin abu da ke kwance a rana tsaka kuma yana iya kaiwa 70. Ka ga fale na robar jarka zalla ma a bakin iyakarsa yake. In ka cire kashi 30 na ƙashin ka cika gurbin da garin taya, ga kuma man da ke cikin taya yana tsatsowa yana shiga sashen da ke hargitse yana ƙara masa laushi, ka matso da iyakar nan ƙasa. Ma'aunin narkewar kiristal ɗin bai cika motsawa ba, digiri ɗaya ko biyu ne, amma yawansa a cikin kayan ya ragu. Abu ɗaya mai amfani da garin ke yi a nan: idan kaɗan ne kuma mai laushi, ƙwayoyinsa kan zama wurin da kiristal ke kafuwa, sai a sami ƙanana masu yawa maimakon manya 'yan kaɗan, kuma ƙananan sun fi jure duka. In ya yi yawa sai ya koma tare wa zaruruwan hanya.

Yanzu ga kantarewa, wadda a ganina ita ce ta fi cin maka kuɗi, kuma ita ce ta fi sauƙin magani. Zaruruwan da suka jeru sun fi waɗanda ke hargitse matsuwa. A robar jarka, curin kiristal mai santimita ɗaya a tsawo da faɗi da kauri yana da nauyin giram 1, na sashen hargitse kuma giram 0.85 da ɗan ɗori. Ma'ana duk inda kiristal ya kafu, wurin ya tsuke. Shi ya sa robar jarka ke raguwa da kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari bayan fitowa daga mazubi, robar kujera kashi 1 zuwa 2 da rabi. A fale mai faɗin santimita 40, kashi 2 cikin ɗari milimita 8 ke nan. Idan fuskokin biyu sun tsuke daidai wa daida, fale zai ragu amma zai zauna a miƙe. Idan fuska ɗaya ta huce da sauri ɗaya a hankali, wadda ta huce a hankali ta fi samun lokacin jeruwa, ta fi tsukewa, sai ta jawo gefuna wajenta. Ɗauki fale ɗaya da ya kantare ka duba: fuskar da ta zama cikin faranti ita ce ta fi daɗewa da zafi. Yawanci ita ce wadda ta kwanta a kan katako ko a kan wani fale mai zafi, ko ta ɓangaren mazubin da ruwa ba ya ratsawa sosai.

Abin da ya fi wannan muni shi ne al'adar cire kaya da wuri a jefa shi cikin duron ruwa. Filastik ba ya sakin zafi da sauri. Fatar waje, milimita ɗaya ko biyu, takan daskare nan take kafin zaruruwanta su gama jeruwa, cikin kuwa yana nan a narke kamar tuwon da aka kwashe yanzu. Daga baya cikin zai jeru ya tsuke, amma fata ta riga ta sandare, to ko dai ta lotsa, ko kuma rami ya buɗe a tsakiya. Yanka fale ɗaya gida biyu da zarto, in ka ga ƙananan kogo a tsakiyar kaurin, wannan ne. Ita kuma fatar da aka katse wa hanzari ba ta haƙura ba. Ranar da ta kwanta a rana ta kai digiri 60 ko 70, zaruruwan za su sami sakewa su ci gaba da jeruwar da ba su gama ba, kuma fuskar da ke kallon rana ce kawai za ta yi haka. Dalilin da ya sa kayanka ke fita lafiya daga shago su lalace a gidan mai saye ke nan. Robar kujera ta fi yin wannan hali, domin in an sanyaya ta da gaggawa takan daskare a wani yanayi na rabi da rabi, wanda ɗumi kaɗan ke juyar da shi.

Lokacin sanyaya ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da kauri. In ka ninka kauri sau biyu, lokacin yakan ninku sau huɗu. Fale mai milimita 10 yana iya isa cirewa cikin minti 3 zuwa 4, naka mai milimita 20 kuwa yana neman kusan kwata na awa a cikin mazubi a matse. In wannan ya yi maka tsawo, mafita biyu ce: ƙara yawan mazubi, ko sauya siffar fale, ka mai da fuskar milimita 8 zuwa 10, ka yi mata haƙarƙari a ƙasa. Na biyun ya fi, don yana rage roba, yana rage lokaci, kuma haƙarƙarin yana hana lanƙwasa. Sai dai kaurin haƙarƙari kada ya wuce rabi zuwa kashi biyu cikin uku na kaurin fuskar, in ba haka ba sawunsa zai fito a sama. Zafin mazubin ya zauna tsakanin digiri 40 da 50, kuma rabin sama da rabin ƙasa kada su bambanta da fiye da digiri 5. Ka sayi ma'aunin zafi irin na bindiga ka riƙa harba wa kowane rabi, tafin hannu ba ya gane wannan bambanci. Da an cire fale, a sa shi tsakanin faranta biyu na ƙarfe masu miƙe, a danne da nauyi, a inuwa, kwana ɗaya cur. In kana son ka kashe maganar gaba ɗaya, to ka riga rana: a danne ɗin nan ka sa su cikin tanda ko ruwan zafi, digiri 85 zuwa 95 ga robar jarka, 100 zuwa 110 a tanda ga robar kujera, awa ɗaya zuwa biyu, su huce a hankali ba a ɗaga nauyin ba. Jeruwar da za su yi a gidan mutane sun yi ta a hannunka ke nan.

Akwai kuma laifin haɗa jarka da kujera a buhu ɗaya. Ko da yake 'yan gida ɗaya ne, HDPE da PP ba sa narkewa cikin juna, kamar ruwa da mai suke. Wajen hucewa PP kan iya fara daskarewa a wani lokaci, HDPE a wani, kowanne da gwargwadon tsukewarsa, sai iyakar da ke tsakaninsu ta zama layin rauni. Kashi 5 na ɗaya a cikin ɗayan ba ya kashe kaya, amma rabi da rabi shi ne mafi muni, kuma tunda kowane buhu da nasa haɗin, yau kayan su yi kyau gobe su ƙi, ka rasa gane dalili. A ware tun kafin niƙa. Jarkar man gyaɗa da ta sabulun ruwa da manyan duro shuɗi gefe guda. Kujeru, buhunan saƙa, yawancin bokitai da bahon wanka gefe guda. Inda babu lamba, a goga farce: HDPE yana da santsin kyandir kuma farce na yi masa sawu, PP ya fi tauri, in an ƙwanƙwasa ya fi ƙara. Bayan niƙa a zuba a ruwa. Su biyun da leda suna tasowa sama. Goran ruwa mai lamba 1, bututu mai lamba 3, da mai lamba 6 duk nutsewa suke, a kwashe na ƙasan a fitar da shi daga harkar. Wasu kujeru masu araha an cika su da garin alli har suna nutsewa, su ma rabuwa da su ya fi.

Hayaƙi mai yaji, wanda ke sa hawaye da tari, kusan kullum alamar PVC ce, robar bututun ruwa da rigar wayar lantarki da wasu takalma. Da ta daɗe a zafin injin sai ta fara sakin iskar asid, wadda ke cin mazubi da sukurun da ke tura roba a cikin injin, tana cin huhun yaran da ke aiki, tana kuma hanzarta lalacewar sauran robar. Ɗan kaɗan ya isa ya ɓata zubi guda. Gwajinta ba wuya: a gasa wayar jan ƙarfe, a dangwala wa robar, a mayar cikin harshen wuta, in ya yi kore akwai PVC. In kuma warin na ƙonanniyar taya ne mai kama da ruɓaɓɓen ƙwai, to zafi ne ya yi yawa. Daga wajen digiri 200 garin taya yake fara sakin mai, ƙullin farar wutar ya fara tsinkewa. Wannan ne ya sa na fi son robar jarka a wannan haɗi, domin ana sarrafa ta a 170 zuwa 190, ƙasa da inda taya ke fara wahala. Robar kujera tana neman 190 zuwa 210, tazarar ta yi ƙunci. Ka tuna kuma abin da allon injin ke nunawa zafin bangon bututun injin ne, narkakkiyar robar takan fi shi da digiri 10 zuwa 20 saboda gugar sukuru, don haka ka soka ma'auni cikin abin da ke fitowa. Kada haɗin ya wuce minti 5 a cikin bututu. In wuta ta ɗauke injin yana cike, abin da ke ciki ya dahu, idan ta dawo a tura shi waje da roba zalla a zubar, kada a mayar da shi cikin niƙa. Goran ruwa kuwa ba ya hayaƙi, amma sai a 250 yake narkewa, don haka yakan zauna ɓarɓashi a cikin fale, kowane ɓarɓashi mafarin tsagewa ne.

Farin da kake gani a bayan tsofaffin fale da gautsin da ke biye da shi, aikin iskar oksijin ne tare da hasken rana. Iskar ba ta iya kutsawa cikin kiristal, ta sashen hargitse take bi. A nan kuwa akwai wasu zaruruwa da suka fito daga wannan kiristal suka shiga wancan, su ne igiyoyin da ke ɗaure ginin duka. Su take tsinkawa. Guntayen da suka tsinke sai su sami 'yanci su jeru, fatar ta ƙara tsukewa, ta tsattsage ƙanana-ƙanana, ido ya ga fari. Abin lura a nan, tsohuwar roba da ta lalace takan fi sabuwa yawan kiristal, amma ba ta da ƙwari, don igiyoyin sun tafi. PP ya fi saurin kamuwa, saboda a jikin zarensa kowane taku akwai gaɓar da iska ke samun sauƙin kamawa. A ƙiyasin da masu wannan sana'a ke aiki da shi, duk ƙarin digiri 10 yana ninka saurin lalacewar kusan sau biyu. Jan ƙarfe da tagulla suna ƙara hura wutar, shi ya sa guntun wayar lantarki a cikin niƙa ba ƙaramar ɓarna ba ce.

Kamfanin da ya yi jarkar tun farko ya sa mata maganin tsufa, amma ɗan kaɗan ne, kuma yana ƙarewa: wani ya tafi a narkarwar farko, wani a shekarun da ta yi tana aiki, saura a bola. Abin da ya iso hannunka kusan tsirara yake, sai ka sake tufatar da shi. Magungunan da aka fi sani su ne Irganox 1010, mai kare kaya a tsawon rayuwarsa, da Irgafos 168, mai kare shi a cikin injin. Ana sayar da su a haɗe da sunan B215 ko B225, akwai kuma makamantansu na wasu kamfanoni. Kashi 0.2 zuwa 0.3 cikin ɗari ya isa. Maganin rana kuwa babu kamar baƙin garin kabon, kashi 2 zuwa 2 da rabi, gwargwadon da ake sa wa baƙin bututun ruwa da ke shekaru a fili. Kada baƙin taya ya yaudare ka. Kabon ɗin da ke cikinta a kulle yake cikin ƙwayoyin, bai bazu cikin filastik ɗin da ke kewaye ba, launi kawai ya ba ka. Tsohuwar kujerar da rana ta riga ta cinye, wadda in ka kankare ta gari ke zuba, in ka lanƙwasa ta ɓalle, magani ba ya dawo da ita. In dole ne a sa, kada ta wuce kashi ɗaya cikin goma.

Ga haɗin da zan ce ka fara da shi, na kilo 50. Niƙaƙƙiyar robar jarka, wankakkiya, busasshiya, kilo 38. Garin taya kilo 7. Ƙwayoyin baƙin launi masu ɗauke da kabon kashi 40 cikin ɗari, kilo 2 da rabi. Mai sulhu kilo 2 da rabi, wato EVA ko ɗanyen EPDM, wasu irin roba ne masu laushi da ke manne wa ɓangarorin biyu, domin garin taya da filastik ba sa kama juna da kansu. Sai maganin tsufa giram 100 zuwa 150, a fara cuɗa shi da kilo ɗaya na niƙa kafin a juye cikin sauran, in ba haka ba zai taru wuri guda. Girman garin taya ya fi yawansa muhimmanci: a tankaɗe shi a rariya mai ido rabin milimita ko ƙasa da haka, a bi da maganaɗisu a cire waya, a sheƙe zaren. Tsaki mai milimita 2 ko 3 rami ne kawai a cikin fale. A lokacin zafi shanya a rana ta isa, amma a watan Agusta garin yakan sha laima, sai an busar da shi a wajen digiri 80 na awa biyu zuwa uku, in ba haka ba tururi zai cika kayan da kumfa. In ka ga fale yana lotsawa a rana, rage garin zuwa kilo 5, ka sa hodar talk kilo 3 zuwa 5 a madadin wani sashe na robar, tana ƙara tauri tana kuma rage tsukewa. Sama da kashi 20 na garin taya sai ga abin da ake so ya yi laushi, kamar tabarmar ƙofa.

Wani zai ce a kawo ɗanyen danƙo daga gonakin kudancin Kamaru, irin na wajen Kiribi, a sa a madadin garin taya. Shi yana cuɗuwa fiye da garin, amma zarensa cike yake da gaɓoɓin da iska da zafi ke so, in ba a dafa shi ba yakan yi danƙo-danƙo ya lalace da wuri. Manyan masana'antu EPDM suke haɗawa da PP, su dafa shi a cikin injin yana juyawa har ya tarwatse ƙwayoyin da ido ba ya gani. Irin wannan ne Santoprene, da aka fara sayarwa a 1981, wanda ake yin robar ƙofar mota da shi. Yana buƙatar inji mai sukuru biyu da awo na ƙa'ida. Kada wani ya ba ka sinadarin feroksaid ka zuba wa PP da sunan dafawa, yanka zarensa yake yi, ya koma ruwa-ruwa.

Kafin ka buga da yawa, yi wa kowane haɗi gwaji a shago. Auna tsawon fale da rular ƙarfe bayan awa ɗaya, bayan kwana ɗaya, bayan mako, ka rubuta. In har yana raguwa bayan kwana biyu, sanyayawarka ba ta kammala ba. Tafasa ɗaya na rabin awa ba tare da danni ba, ka ɗora shi a kan gilashi ka ga ko yana rawa. Yanka sanduna masu faɗin santimita 2, ɗora kowace a kan bulo biyu a rana, rataya mata kilo ɗaya a tsakiya, ka auna lotsawar bayan kwana uku. Don gwajin tsufa, sa sirara a tanda mai digiri 110, kowane kwana uku ka ciro ɗaya, ta huce, ka lanƙwasa. Haɗin da ya fi daɗewa bai karye ba shi ne gwani. Gwajin faɗuwa kuma da asubar hunturu ake yin sa, lokacin da PP ya fi gautsi.

In ka sami kai samfur ɗakin gwaje-gwaje na jami'a ko na wata masana'anta a Duwala, nemi gwajin DSC, wanda ke auna zafin da roba ke sha wajen narkewa, ya fitar da shi a zane. Miligiram 5 zuwa 10 ake ɗauka, a ɗumama digiri 10 a minti, a sanyaya, a sake ɗumamawa. Zagayen farko yana nuna yadda ka sanyaya kayan, na biyu yana nuna ainihin robar. Tudu a zanen a digiri 110 leda ce, a 130 jarka, a 163 kujera, a 250 gora, nan take za ka ga abin da masu kawo maka kaya ke cusawa. Wajen lissafin kiristal ana yawan kuskure ɗaya. Ana raba zafin narkewar da aka auna, wanda ake ƙirgawa da jul a kowane giram, da 293 ga HDPE, ko 207 ga PP, amma dole a fara cire nauyin abin da ba filastik ba. Misali haɗi mai PP kashi 80 ya ba da jul 75 a giram: 75 a raba da 207 kashi 36 ne, sai a ce taya ta kashe kiristal, alhali 75 a raba da 165.6, wato kashi 80 na 207, kashi 45 ne. In an yi maka TGA, gwajin da ke auna raguwar nauyin samfur yayin da ake ɗumama shi, aka ce kayanka ba ya rugujewa sai a 400 da wani abu, kada ka ɗauka shi ne juriyarsa, wannan zafin rugujewa ne cikin mintuna ba tare da iska ba. Wanda ke faɗa maka ko maganin tsufa ya isa shi ne OIT, inda ake riƙe samfur a digiri 200 cikin oksijin a ƙirga mintunan da zai yi kafin ya fara ci. Ƙa'idar bututun ruwa minti 20 ce zuwa sama. Robar bola da ba a ƙara wa magani ba takan faɗi cikin 'yan mintuna.

Maganar kwami kuma, malam, ina roƙonka kada garin taya ya shiga. Taya tana ɗauke da sinadarin zinki, da mayuka, da magungunan hana tsagewa, kuma ruwan da ya wuni a rana cikin baƙin kwami yana jiƙo su. Abin da saniya ta sha yana iya biyowa ta nono. Kwami, baho, da duk abin da zai taɓa ruwan sha ko abinci, a yi shi da robar jarkar abinci zalla, da kabon da maganin tsufa, a ƙara kaurin gindi da haƙarƙari a gefe don kada ya buɗe baki in an cika shi. A yankinmu na noman auduga kuma jarkokin maganin feshi suna yawo da yawa a hannun masu tara roba, su ma lamba 2 ce a gindinsu. Maganin yana shiga cikin naman robar, wanki ba ya fitar da shi, a injin kuma tururinsa yaranka za su shaƙa. Ka gaya wa masu kawo maka kaya tun a bakin ƙofa cewa ba ka saye, ka sa mutum ɗaya mai ido ya riƙa duba kowane buhu kafin a ɗora a sikeli.